ABUBUWAN DA KE SA KUƊIN INSHORAR BABUR YA HAU KO YA SAUKA

Jawabin da Jami'in Watsa Labarai na Tarayya ya gabatar a taron wayar da kan masu babura



Ina godiya ƙwarai da kuka bar harkokinku kuka amsa wannan gayyata. Na san duk sa'a guda da mai babur na haya ya yi a zaune, kuɗi ne ya bari a kan titi, saboda haka zan yi ƙoƙari in biya ku da bayani mai amfani.

Maganar da ta tara mu yau ita ce inshorar babur, musamman kuɗin da ake biya dominta. Sau da yawa mukan ji ƙorafi iri ɗaya. Mutum biyu sun shiga ofis ɗaya da babur iri ɗaya, aka yanka wa wannan kuɗi kaza, aka yanka wa wancan fiye da haka. Sai wanda ya biya da yawa ya fito yana cewa an cuce shi don ba shi da uwa a gindin murhu, ko don an ga shi baƙo ne a garin. Waɗansu kuma sun ɗauki inshora tamkar wani haraji, ko kuwa wata takarda da ake miƙa wa ɗan sanda a shinge kurum. Abin da nake so in bayyana muku shi ne, kuɗin inshora lissafi ne, kuma lissafin yana bin yiwuwar asarar da mutum ya zo da ita. Wanda ya fahimci wannan lissafi zai san inda zai sami rangwame na halal, zai kuma gane irin arahar da ke kai mai ita ga da-na-sani.

Asusun da kowa ke zuba wa

Dukanmu mun san adashi, inda jama'a ke zubi, kowa ya kwasa idan layi ya zo kansa. Inshora ta yi kama da adashi ta wajen zubi, amma ta sha bamban da shi ta wajen kwasa, gama a nan ba mai kwasa sai wanda asara ta faɗa wa. Mutane masu yawa ne ke zuba kaɗan-kaɗan cikin asusu guda, domin a ɗauke wa 'yan ƙalilan da tsautsayi ya rutsa da su nauyin da ya fi ƙarfinsu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Bari in kawo misali na ƙiyasi don a gane. A ce masu babura 1,000 ne suka haɗu, kowane babur ya kai Naira miliyan 1. A ce kuma kowace shekara sukan yi asarar babura 30, ta hanyar sata, ko gobara, ko karon da ba ya gyaruwa. Asarar ta tashi Naira miliyan 30 ke nan. Idan aka raba ta ga mutum 1,000, kowa zai zuba Naira 30,000, ban da albashin ma'aikata da sauran kuɗin tafiyar da asusun. To, a ce akwai wata ƙungiyar ita ma ta mutum 1,000, amma su babura 60 suke asara a shekara. Tilas zubinsu ya kai Naira 60,000, in ba haka ba asusun ya karye tun shekara ba ta ƙare ba. Sa'ad da ma'aikacin inshora ya sa ka gaba yana jero maka tambayoyi, so yake ya gano wace ce ƙungiyarka daga cikin biyun nan.

Abin da doka ta ce

Tilasta inshorar ababen hawa ba sabon abu ba ne a Nijeriya. Tun a 1945, zamanin mulkin Turawa, aka yi dokar da ta hana hawa titi da abin hawa mai inji sai da inshorar da za ta biya diyyar wanda aka kashe ko aka ji wa rauni, ta kuwa fara aiki ran 1 ga Afrilu, 1950. A 1997 aka kafa Hukumar Kula da Harkokin Inshora ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NAICOM, ita ce ke ba kamfanoni lasisi, ita ce kuma ke sa musu ido. Dokar Inshora ta 2003 ta tanadi biyan diyyar dukiyar da aka ɓarnata wa wani. A 2025 Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a kan sabuwar dokar gyaran harkar inshora, wadda ta maye gurbin ta 1945 da ta 2003, tilascin kuwa yana nan daram. Kafin wannan ma, daga ran 1 ga Fabrairu, 2025, Rundunar 'Yan Sandan Nijeriya ta fara tsananta binciken takardun inshora a ko'ina cikin ƙasa.

Inshorar da doka ta tilasta ita ce ake kira ta mutum na uku. Kai mai babur kai ne mutum na farko, kamfani shi ne na biyu, na ukun kuwa shi ne duk wanda ka yi wa ɓarna a hanya: yarinyar da ke tsallaka titi da tiren talla, ko mai motar da ka fasa wa fitila, ko mai shagon da ka afka wa rumfa. Hikimar dokar ita ce kada wanda aka zalunta ya tashi a tutar babu don kawai wanda ya kaɗe shi talaka ne, kada kuma mai babur ya sayar da gonar gado don ya biya kuɗin asibitin wani.

Abu na farko: irin inshorar da ka zaɓa

Inshorar babur iri uku ce. Akwai ta mutum na uku, wadda na ambata. Akwai wadda ta haɗa mutum na uku da gobara da sata. Sa'an nan akwai cikakkiya, wadda ta haɗa waɗannan duka, ta kuma ƙara da gyaran babur ɗinka idan ya yi karo. Gwargwadon yawan abin da kamfani ya ɗauki alkawarin biya, gwargwadon kuɗin da zai karɓa.

Farashin ta mutum na uku hukuma ce ke tsayar da shi. A sanarwar da NAICOM ta fitar cikin Disamba, 2022, wadda ta fara aiki ran 1 ga Janairu, 2023, an tsayar da kuɗin babur a kan Naira 3,000 a shekara, diyyar ɓarnar dukiya kuma har zuwa Naira miliyan 1. Keke mai ƙafa uku Naira 5,000 ne, diyyarsa har zuwa Naira miliyan 2. Motar gida kuwa Naira 15,000, diyyarta har zuwa Naira miliyan 3. Wannan iyaka ta dukiya ce kaɗai, diyyar rai da ta rauni babinta daban. Ku duba da kyau, Naira 3,000 idan aka raba ta ga kwanakin shekara ba ta kai Naira 9 a rana ba.

Amma lalle ne kowa ya san iyakar abin da ya saya. Wanda ya biya ta mutum na uku, aka sace masa babur, ba shi da ko kwabo a wurin kamfani. Idan ya karye a ƙafa, shi zai yi jinyar kansa, sai fa in ya sayi wata inshorar ta daban wadda ke biyan raunin mahayi. Yawancin rigimar da ake yi a ofisoshin inshora daga nan take tasowa, watau mutum ya sayi ƙaramar kariya, ya zo yana neman babbar diyya. Sauran abubuwan da zan lissafa sun fi shafar farashin iri biyun nan na sama, ko da yake gaskiyar da aka faɗa wa kamfani ta shafi dukan ukun.

Abu na biyu: darajar babur

A cikakkiyar inshora ana lissafa kuɗi ne bisa darajar babur. Sanarwar nan ta NAICOM ta ce kada farashin ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar abin hawa, bayan an cire kowane irin rangwame. Watau babur ɗin Naira 1,200,000 ba zai biya ƙasa da Naira 60,000 a shekara ba. Wannan shi ne mafi ƙanƙanta, kamfani na iya haurawa sama da haka idan ya ga yiwuwar asara ta yi yawa.

A nan ne wasu ke yin dabarar da ke cin mai ita. Mutum ya san babur ɗinsa ya kai Naira 1,200,000, sai ya rubuta Naira 700,000 don ya biya Naira 35,000. Ya tsira da Naira 25,000 ke nan. Ranar da aka sace babur ɗin, abin da kamfani zai ba shi ba zai wuce Naira 700,000 ba, ya tafka asarar Naira 500,000 da hannunsa. Haka kuma wanda ya kumbura darajar ba abin da ya ƙaru da shi, domin kamfani zai biya abin da babur ɗin ya taka a kasuwa ne ranar da aka yi asarar. Manufar inshora ita ce a mai da mutum inda yake kafin tsautsayi ya same shi, ba a cin riba da ita.

Akwai kuma sauyin darajar Naira. Galibin baburan da ke kan titunanmu daga Indiya da Sin ake shigo da su, ko kuwa a shigo da sassansu a harhaɗa a nan, don haka farashinsu yana bin Dala. A farkon watan Yuni na 2023 Dala ɗaya ba ta kai Naira 500 ba a farashin gwamnati, amma cikin 2024 ta haura Naira 1,500. Wanda ya rubuta darajar babur ɗinsa kafin wannan sauyi, ya kuma ci gaba da sabunta takarda a kan tsohon adadi, diyyar da za a ba shi ba za ta saya masa wani babur ɗin ba. Saboda haka duk ranar sabunta takarda, a leƙa kasuwa a ji farashi tukuna.

Abu na uku: aikin da babur ke yi

Wannan shi ne babban abin da ke raba farashin mutum biyun da na ambata da farko. Malamin makaranta da ke hawa babur da safe ya tafi aiki, ya komo da azahar ya jingine shi a zaure, bai fi sa'a guda a kan titi ba. Ɗan acaɓa, ko ɗan okada kamar yadda ake cewa a kudu, yana kan titi tun asuba har bayan isha, cikin cunkoso, da fasinja a baya, yana kuma sauri don ya sami na balas da na cefane. Mai kai saƙonni da kayan ciniki gida-gida shi ma haka, agogo ne ke korarsa. Ko da dukansu gwanayen tuƙi ne, wanda ya fi daɗewa a kan titi ya fi kusa da haɗari, shi ne kuma ya fi gamuwa da ɓarayin da ke zuwa da sunan fasinja.

Don haka akwai gurbi a fam ɗin neman inshora inda ake tambaya ko babur na hawan kai ne ko na haya. Ina roƙonku da babbar murya ku faɗi gaskiya a wannan gurbi. Yarjejeniyar inshora a kan amana aka gina ta, gama kai ka san abin da kake yi da babur ɗinka, kamfani bai sani ba sai abin da ka faɗa masa. Idan ka rubuta hawan kai, sa'an nan aka yi haɗari kana ɗauke da fasinjan kuɗi, kamfani yana da hujjar ƙin biyanka. Shaidu kuwa ba sa ɓuya, rahoton 'yan sanda zai nuna, fasinjan da kansa zai faɗa. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Mai haya ya kuma tambaya ko fasinjan da ya goya yana cikin waɗanda takardarsa ta kare, ya sa a nuna masa wurin a rubuce. Wanda ya sayi babur ya ba yaro yana kawo masa balas, ya bayyana wa kamfani haka, a rubuta wanda zai riƙa hawa. Wanda ya karɓi babur a kan biya kaɗan-kaɗan, a sa sunansa da na mai babur ɗin a takarda, domin a san wanda za a biya da rabon kowa idan asara ta zo.

Har wa yau, a kula da dokokin wurin da ake sana'a. An hana acaɓa a tsakiyar birnin Abuja tun 2006. Jihar Kano ta hana a Janairun 2013. Jihar Legas ta taƙaita shi a 2012, ta sake tsananta hanin a waɗansu ƙananan hukumomi a 2020 da 2022. Babur ɗin da hukuma ta ƙwace don mai shi ya karya doka, inshora ba ta biyan diyyarsa.

Abu na huɗu: girman inji da samuwar kayan gyara

Ana auna girman injin babur da abin da makanikai ke kira si-si. Baburan haya da aka saba gani, irin su Bajaj Boxer, yawancinsu tsakanin si-si 100 ne zuwa 150. Na masu kai saƙonni a birnin Ikko sukan kai 200. Akwai kuma manyan baburan ƙawa da suka haura 600. Babban inji ya fi gudu, karon da aka yi cikin gudu kuwa ya fi ɓarna ga mahayi da wanda aka kaɗe, saboda haka kuɗinsa ya fi yawa.

Kamfani yakan kuma duba sauƙin gyara. Babur ɗin da kowane makanike na bakin titi ya san cikinsa, kayan gyaransa kuma suna jibge a kasuwannin Nnewi da Kano da Ikko, gyaransa ba ya cin kuɗi kamar na wanda sai an yi odar ƙarfensa daga ƙetare. Sai dai akwai wani gefen. Babur ɗin da kowa ke nema shi ne ɓarawo ya fi so, gama cikin dare ɗaya za a wargaza shi a sayar da sassansa. Tsufan babur ma abin dubawa ne, wani kamfanin yakan nemi a kawo shi a duba lafiyarsa kafin ya yarda ya ba shi cikakkiyar inshora. Duk wanda ya yi wa babur ɗinsa sauyi, kamar ƙara ƙarfin inji ko ƙera masa mazaunin ɗaukar kaya, wajibi ne ya sanar.

Abu na biyar: mahayin kansa

Ƙarfe ba ya tuƙa kansa. Kamfani yana son ya san shekarun mahayi, da tsawon lokacin da ya yi yana tuƙi, da ko yana da lasin. Matashin da ya koyi babur watan jiya, jini na tafasa, ba a auna shi da magidancin da ya shekara 15 yana hawa ba tare da ya taɓa kaɗe ko akuya ba. Lasin tuƙin babur shi ne na rukunin A, kuma takardun inshora sukan gindaya sharaɗin cewa mai lasin ne kaɗai zai hau. Wanda ya miƙa wa ƙanensa marar lasin makulli, ya san ya fitar da babur ɗin daga inuwar kariya.

Haka nan tuƙi cikin maye, ko na giya ne ko na ƙwaya, yana ba kamfani hujjar ƙin biya. Lodin da ya wuce kima shi ma haka, irin wanda za ka ga mutum huɗu da buhun masara a kan babur ɗaya.

Ba zan wuce nan ba sai na taɓo hular kwano. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tsananta dokar sa hular ran 1 ga Janairu, 2009. Da yawa cikinku za su tuna yadda wasu a Kano suka riƙa kifa ƙoƙo a ka don su ruɗi jami'ai, har labarin ya zagaya duniya. Mun yi dariya a lokacin, amma kwalta ba ta san wasa ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2018 ya nuna cewa sa hular kwano yadda ya kamata yana rage yiwuwar mutuwa da kashi 42 cikin 100, yana kuma rage raunin kai da kashi 69 cikin 100. Duk raunin da aka kauce wa, diyya ce da ba a fitar daga asusu ba, asusun da ba a yawan ɗiba kuwa zubinsa ba ya hawa.

Abu na shida: inda babur ke yawo da inda yake kwana

Titin Oshodi a Ikko, ko gadar Anaca, ko shataletalen Mararraba a bakin Abuja, ba ɗaya suke da hanyar ƙauye ba wajen cunkoso da yawan karo. Kamfanoni suna ajiye lissafin wuraren da aka fi kawo musu ƙarar sata da haɗari, suna kuma la'akari da shi wajen yanke farashi. Wannan ba ya cikin ikonka, amma makwancin babur yana hannunka. Wanda ke kwana cikin gida mai ƙofa a kulle ya fi tsira daga wanda ake bari a bakin titi ko ƙofar masallaci da makulli a jiki. Sarƙa da kwaɗo mai ƙarfi, da na'urar bin sawu wadda ke nuna inda babur yake ta wayar hannu, duk abubuwa ne da ya kamata ka ambata wa kamfani sa'ad da ake maganar farashi. A sani kuma, sakaci a fili, kamar barin babur a kunne a shiga shago, yana iya jawo gardama wajen biyan diyyar sata.

Abu na bakwai: tarihinka da kason da ka ɗauka

Wanda ya cika shekara bai nemi diyya ba, kamfanoni sukan yi masa rangwame wajen sabunta cikakkiyar inshora, rangwamen kuma yakan ƙaru idan shekarun suka jeru, muddin bai sauko ƙasa da kashi 5 ɗin nan ba. Wanda kuwa kowace shekara sai ya zo da ƙara, ya sa ran ƙari. Ka tambayi wannan rangwame da bakinka, kada ka jira a tuna maka.

Akwai kuma wani kaso da akan rubuta a takarda, wanda mai babur zai ɗauka da kansa a kowace asara kafin kamfani ya biya ragowar. Alal misali, idan kason Naira 20,000 ne, gyara ya ci Naira 150,000, kamfani zai biya Naira 130,000. Amfaninsa shi ne ya sa mutum ya kula da abinsa, ya kuma rage ƙananan ƙararraki na madubi da fitila. Wanda ya yarda ya ɗauki kaso mai yawa, kuɗin shekararsa yakan ragu, amma kada ya ɗauki abin da ba zai iya fitarwa ba ranar da ta ɓaci.

A nan ina da kira ga shugabannin ƙungiyoyi. Ƙungiyar da ta je wa kamfani da babura ɗari biyar a takarda guda, da rajistar 'ya'yanta, da shaidar cewa kowa yana da lasin da hular kwano, bakinta ya fi na mutum ɗaya nauyi wajen ciniki. Wannan aiki ne da ya cancanci kuɗin ƙungiya da kuke karɓa.

Araha ba ta ado

Mafi munin asara ita ce ta takardar jabu. Akwai 'yan kamasho da ke rakuɓewa kusa da wuraren yin lamba da lasin, su ce ka kawo kaza su haɗa maka takardu duka. Su buga maka takarda mai hatimi da sunan kamfanin da babu shi, ko kuwa na kamfanin da bai san da zamanka ba. Takardar za ta iya wuce shinge ɗaya ko biyu, amma ranar da ka kaɗe ɗan wani, kai kaɗai za ka tsaya gaban alƙali.

Maganin wannan yana da sauƙi. Ƙungiyar Kamfanonin Inshora ta Nijeriya tana da rumbun ajiyar bayanai da ake kira NIID, inda ake shigar da kowace takardar gaskiya. Ka shiga shafin askniid.org ta wayarka, ko ka sa ɗanka ya shigar maka, ka rubuta lambar babur ɗinka. Idan sunan kamfani da ranar ƙarewar takarda ba su fito ba, koma wurin wanda ya sayar maka tun da wuri. Ka sayi inshora daga kamfani mai lasisin NAICOM, ko wakilinsa, ko dillalin inshora mai rajista. Ka karɓi rasit, domin ƙa'idar ita ce sai kuɗi ya shiga hannun kamfani kariya ke fara aiki. Duk wanda ya yi maka tayin farashin da ya gaza wanda hukuma ta tsayar, ka yi shakkarsa.

Ga waɗanda zuciyarsu ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba saboda dalilin addini, NAICOM ta fitar da ƙa'idojin Takaful tun 2013, akwai kuma kamfanoni masu lasisi da ke gudanar da shi bisa tsarin Musulunci, ƙarƙashin kulawar malamai. A tsarin nan zubin gudummawa ce ta taimakon juna, idan kuma an sami rara a asusu akan raba wa masu zubi bisa sharuɗɗan da aka amince. Takardarsu karɓaɓɓiya ce a wurin hukuma, abubuwan nan bakwai kuwa su ne dai ake dubawa wajen yanke zubi.

Idan tsautsayi ya auku

A fara da ceton rai, a kai wanda ya ji rauni asibiti. A sanar da 'yan sanda, a kuma sanar da kamfani ba tare da ɓata lokaci ba, gama kowace takarda tana da wa'adin kai rahoto. A ɗauki hoton wurin, a rubuta lambar abin hawan da aka yi karo da shi da sunayen shaidu. Kada a yi alkawarin biyan kowa a bakin titi, kada kuma a kai babur gyara sai kamfani ya gan shi. Wanda ya cika sharuɗɗa amma aka hana shi hakkinsa, ya kai kuka sashen sauraron ƙararraki na NAICOM, an kafa shi ne domin irin wannan.

Kammalawa

Jama'a, daga cikin abubuwan nan bakwai, akwai waɗanda ba ku da iko a kansu, kamar farashin da hukuma ta tsayar, da darajar Naira, da cunkoson birni. Amma mafi yawansu suna hannunku: faɗin gaskiya a fam, rubuta darajar babur daidai, mallakar lasin, sa hular kwano, kulle babur, da tuƙi cikin natsuwa. Babur ga yawancinku shi ne gona, shi ne shago, da shi ake ciyar da iyali a nan, da shi ake aika wa iyaye a gida. Abin da ke da wannan matsayi bai kamata a bar shi a kan takardar da ba a karanta ba. Wanda bai iya karatun Turanci ba ya sa a fassara masa sharuɗɗan kafin ya sa hannu, wannan hakkinsa ne.

Ina roƙon kowa, idan ya koma gida yau, ya ciro takardarsa ya duba abu uku: wace iri ce, yaushe za ta ƙare, kuma tana cikin rumbun NIID ko babu. Ku kuma isar da wannan saƙo ga 'yan'uwanku da ba su sami zuwa ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

 Allah ya kiyaye hanya, ya mai da kowa gidansa lafiya.